Yadda ake sassaƙa filafilin kwalekwale da hannu, daga gungume har ya shiga ruwa

Filafilin da ya karye a ruwa kusan kullum a wuri ɗaya yake karyewa, wato a wuya, inda ƙota ta haɗu da tafi, faffaɗan da yake shiga ruwa. In ka ɗauki gutsuren biyu ka duba, ba za ka ga karaya a gicciye ba, sai wata doguwar tsaga a karkace mai tsini kamar bakin mashi. Jijiyar itacen tsagar ta bi, wato layukan da suke tafiya a tsawon itacen. Ma'ana, tun ranar da aka zaɓi katakon aka sayi karayar, ruwa lokaci kawai ya jira. Shi ya sa rabin wannan jagorar zai tafi a kan itace da layin tsakiya, domin wanda ya kiyaye su, sauran aikin haƙuri ne da kaifin ƙarfe.

Mutanen da suka fara wannan sana'a sun san haka tun da daɗewa. Kwalekwalen Pesse da aka tono a ƙasar Holan a 1955 ya kai kimanin shekara 10,000, na Dufuna kuma da aka gano a Jihar Yobe a 1987, mai tsawon mita 8.4, ya kai kimanin shekara 8,000. A Tybrind Vig ta ƙasar Denmak an samo kwalekwale da filafilansu a ƙarƙashin teku, masu fiye da shekara 6,000. Abin lura a nan shi ne jirgin da filafilin ba itace ɗaya ba ne. Jirgin an fafe shi daga itace mai taushi da sauƙin fafa, filafilin kuwa an yi shi da ash, itace mai jure lanƙwasa wanda yake tsagewa a miƙe. Har yau masu sassaƙa filafili wannan zaɓin suke yi.

Ga sunayen sassan da za mu riƙa kira: kai shi ne inda hannun sama yake dafawa, ƙota ita ce sandar, wuya shi ne inda ƙota ta fara buɗewa, kafaɗu su ne gefen wuyan biyu, tafi shi ne faffaɗan da yake shiga ruwa, baki kuma ƙarshen tafin.

Itacen da ya dace

Ana neman itace mai abu uku: miƙaƙƙiyar jijiya, matsakaicin nauyi, da juriyar lanƙwasa ba tare da ya ɓalle ba. A ƙasashen sanyi ash ne kan gaba wajen ƙarfi, ceri ya fi shi sauƙin nauyi da daɗin sassaƙa, sifurus kuma ya fi su duka rashin nauyi amma bakinsa ba ya jure dutse. A ƙasashen zafi maɗaci da tik da malaina duk suna yi. Itace mai nauyin tsiya irin ƙirya zai daɗe, amma kafaɗarka ce za ta biya bayan tuƙin sa'a guda. Mai taushi irin rimi kuwa ba ya ɗaukar nauyin tuƙi, a bar shi.

Yanzu jijiya. Ka ɗora katakon a gefensa ka bi layi ɗaya na jijiyar da ido, daga wannan ƙarshen zuwa wancan. In layin ya fita daga gefen katakon kafin ya yi nisa, jijiyar ta karkace. Ka auna karkatar: in a cikin tafiyar santimita 15 ta kauce da santimita 1 ko ƙasa da haka, katakon ya yi. Gwajin cibiyar binciken katako ta hukumar gandun dajin Amurka da ke Madison ya nuna cewa karkatar 1 cikin 10 tana barin katako da kashi 81 cikin ɗari na ƙarfinsa wajen lanƙwasa, ta 1 cikin 5 kuwa kashi 55 kacal. Ka duba fuska, ka duba gefe, domin katako yakan yi kyau a fuska ya ci amana a gefe. Ido, wato gurbin reshe, ko ƙarami ne, kada ya faɗa a ƙota ko a wuya. A tsakiyar tafi ana iya haƙuri da ƙaramin ido mai ƙarfi. In katakon da ke hannunka bai cika waɗannan sharuɗɗan ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka nemi wani.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka tsaga gungumen da kanka, da ƙarafan tsaga itace da guduma, saboda tsaga jijiya take bi, zarto kuwa ba ruwansa da ita. Gungume mai tsawon santimita 170 da kaurin santimita 40 zai ba ka katako da aka ciro daga ɓawo zuwa tsakiya, kamar yadda ake yanka da'ira gida-gida. Irin wannan katakon shi ya fi zama lafiya, saboda itace in yana bushewa ya fi tsukewa ta zagayen zobban da ake gani a ƙarshen gungume kusan ninki biyu a kan yadda yake tsukewa daga ɓawo zuwa tsakiya, kuma wannan bambancin ne yake sa tafi ya kwamɓare kamar cokali. In gungumen ƙarami ne, ka raba shi biyu ka ciro katakon daga rabi ɗaya, ka bar masa ƙarin kauri don gyara daga baya. Ko ta yaya, ɓargon tsakiyar itacen kada ya shiga cikin filafilin, daga nan tsagewa take farawa. Maɗaci yana da nasa hali: sau da yawa jijiyarsa a sarƙe take, ba ya tsagewa da kyau, don haka shi zarto ya fi dacewa da shi, kuma a ƙarshe kankara yake so fiye da fira.

Ɗanyen itace ya fi daɗin sara, saboda haka ka rage shi da gatari tun yana ɗanye zuwa kaurin santimita 4.5 da faɗin 17. Ka shafe ƙarshensa biyu da fenti ko kakin zuma, domin ruwa ta ƙarshe ya fi saurin fita, wurin ya bushe kafin tsakiya, sai ya dare. Ka kwantar da shi a inuwa inda iska take ratsawa, a kan ƙananan sanduna uku, ka ɗora masa nauyi. Ƙa'idar kafintoci ita ce shekara guda ga kowane santimita 2.5 na kauri, amma a busasshen yanayi ba ya kai haka. Sikeli ne zai raba gardama: ka riƙa auna shi duk mako biyu kana rubutawa a jikinsa, ranar da nauyin ya tsaya cik sau biyu a jere, ya bushe.

Awo

Tsawon ƙota ake aunawa da jikin mai tuƙi, ba tsawon filafilin gaba ɗaya ba, tunda tafi a cikin ruwa yake. Ka zauna a kan benci ka miƙe bayanka, a auna daga bencin zuwa hancinka. Wannan shi ne tsawon daga saman kai zuwa wuya, kuma ga yawancin manya yakan faɗa tsakanin santimita 75 da 88. Mai tuƙi a durƙushe ko a jirgi mai dogon gefe ya ƙara santimita 3 zuwa 5.

Tafi kuma ruwan da za a shiga ne yake yanke siffarsa. Ruwa mai zurfi da doguwar tafiya siririn tafi suke so, tsawon santimita 65 zuwa 70, faɗin 12 zuwa 13. Matuƙan jiragen fataucin fata a Kanada, waɗanda suke wuni suna tuƙi, sirara suke riƙewa saboda faffaɗan tafi yana cinye ƙarfin mutum da wuri. Ruwa marar zurfi kuwa gajere mai faɗi yake so, tsawon 50 zuwa 55, faɗin 17 zuwa 18, tunda dogon zai riƙa dukan ƙasa. Ga mai koyo mun fi son tsaka-tsaki: tsawon 62, faɗin 14.5, baki a zagaye. Da ƙota mai 82, filafilin duka ya zama santimita 144. Katakon da za ka fara da shi sai ya kasance 155 a tsawo, 16 a faɗi, 3.5 a kauri bayan an daidaita fuskokinsa.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramin gatari ko gizago, zarto, wuƙa mai ƙota biyu wadda ake ja da hannu biyu, wuƙar sassaƙa, magagari, makankari na ƙarfe, sanfefa, fensir, zare, kwali, da abin matse katako a benci. Kowane ƙarfe ya kasance da kaifin da zai aske gashin hannu. Dakusasshen ƙarfe shi yake zamewa ya sari mutum, kuma shi yake ɓantaro itace maimakon ya yanka.

Layin tsakiya da fitar da siffa

Ka shafa wa zare gawayi, ka ɗaure shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe a tsakiyar fuskar katakon, ka ja shi ka saki, zai bar miƙaƙƙen layi. In jijiyar ta ɗan karkata a fuska, ka karkata zaren ya bi ta, kada ka bi gefen katakon. Ka gangaro da layin ta ƙarshen biyu, ka maimaita a ɗaya fuskar, ya zama layukan biyu suna kallon juna daidai.

A kwali, rabin siffar tafi kawai za ka zana ka yanke. Ka jera gefensa a layin tsakiya ka zana, ka juya shi ka zana ɗaya ɓangaren. Haka za ka yi wa kai, mai faɗin santimita 9 zuwa 10 da tsawon 11. Wanda ya zana duka siffar da hannu, gefe ɗaya zai fi ɗaya, ido ba zai gani ba amma ruwa zai gani. Ƙota ka ba ta faɗin milimita 29. Kafaɗu su sauko a hankali cikin tsawon santimita 15 zuwa 18, kada su yi kwana mai kaifi, saboda nauyin tuƙi a kwana yake taruwa.

Don cire itacen da ke gefen ƙota, ka yi ta yanka da zarto a gicciye, tazarar santimita 5 tsakanin yanka da yanka, kana tsayawa milimita 3 kafin layi. Sai ka ɓalle gutsattsarin da gatari ko gizago. Yankan zarton shi yake hana tsaga ta zarce cikin ƙota. A kafaɗu, kullum daga faɗi zuwa siriri ake sara, wato daga tafi zuwa ƙota. In ka juya, bakin ƙarfen zai shiga ƙarƙashin jijiya ya ɗebe maka kafaɗa guda. Ka gyara gefen da wuƙa da magagari har kan layi, gefen ya tsaya a miƙe ba a jirkice ba.

Sai layi na biyu, wanda masu gaggawa suke tsallakewa: layin tsakiyar kauri, ya zagaye gefen filafilin kaf, daga kai zuwa baki ya dawo. Duk lokacin da sassaƙa ta goge wani layi, ka tsaya ka mayar da shi kafin ka ci gaba.

Fere tafi

A nan ne filafili yake samun rai ko ya zama allo mai ƙota. A gefen tafin, ka zana layi biyu, kowanne milimita 3 daga layin tsakiyar kauri, wato gefen da aka gama zai zama milimita 6. A baki ka bar 8, don shi yake haɗuwa da dutse da yashi. A tsakiyar tafi kaurin yana saukowa ne sannu a hankali: milimita 33 a wuya, kamar 20 bayan santimita 15, kamar 12 a rabin tafin, 8 a baki. Ka rubuta waɗannan lambobin a jikin benci inda za ka riƙa ganin su.

Da farko ka fitar da wannan gangaren daga wuya zuwa baki a fuskokin biyu, tafin yana shimfiɗe. Bayan nan ka fere daga layin tsakiya zuwa gefe, fuska ta zama kamar rufin ɗaki mai ɗan tudu a tsakiya. Ɓangarori huɗu ke nan, biyu a kowace fuska, kuma dole su zama iri ɗaya. Dabarar ita ce ƙirga: fira goma a nan, goma a can, ka juya, goma, goma. Kada ka gama fuska ɗaya kafin ka taɓa ɗayar, domin itace yana da ɗaurin ciki, in aka sauke shi ta gefe guda sai tafin ya lanƙwashe. Ka zizara fensir a faɗin wurin da kake aiki, inda zanen ya rage bayan fira, nan ne tudu.

Kusa da wuya, ƙota ba ta ƙarewa farat ɗaya. Tana shiga cikin tafi a matsayin ƙashin baya, tana narkewa har ta ɓace wajen sulusin tsawonsa. Gefen wannan ƙashin biyu ana ɗan kwarfe su da magagari mai zagaye ko lanƙwasasshen makankari, a rage nauyi a bar ƙarfi. Ka rufe ido ka matse tafin tsakanin babban yatsa da manuni, ka ja daga wuya zuwa baki. Yatsa yana jin bambancin rabin milimita da ido ba ya kamawa. In ƙarfe ya fara tsinke itace yana barin ramuka, jijiyar ta juya a wurin, sai ka juyo ta ɗaya ɓangaren ko ka koma makankari.

Ƙota da kai

Ƙota ba zagayayya ba ce sak, siffar ƙwai take da ita: milimita 29 ta gefe, 33 daga gaba zuwa baya, wato tsawon ƙwan yana fuskantar inda ruwa yake turowa. Hakan yana ƙara mata ƙarfi inda ake bukata, kuma hannu yana sanin inda tafi ya fuskanta ba sai an duba ba.

Ba a zagaye ta da ka. A kowace fuska daga cikin huɗun, ka zana layi biyu a tsawonta: milimita 8.5 daga kowane gefe a fuska mai 29, milimita 9.5 a mai 33. Ka fere kusurwoyin huɗu har kan layukan, ta zama mai fuska takwas. Ka sake fere kusurwoyi takwas ɗin kaɗan, ta zama mai goma sha shida. Daga nan sai ka yanki doguwar sanfefa ka riƙe bakinta biyu kana ja sama da ƙasa a kan ƙotar kana juya ta. Santimita 10 na sama da wuya ka bar shi da cikarsa, ko ma ya fi sauran da milimita 1.

Kai kuwa hannunka ne ma'auninsa. Samansa ya yi kaurin milimita 28 zuwa 30, a zagaye ya cika tafin hannu, ƙasa da shi a kwarfe fuskokin biyu inda yatsu da gindin hannu za su kwanta. Ka yi ta riƙewa kana juyawa. Duk inda ka ji ya ɗan taɓa ka yanzu, bororo ne bayan tuƙi dubu.

Kafin gogewa, gwaji biyu. Ka kafa baki a ƙasa a kan tsumma, ka riƙe kai, filafilin a jingine, ka danna tsakiyar ƙota da ɗaya hannun. Ya kamata ya ɗan ba da kai, santimita 2 zuwa 3, lanƙwasar ta bazu daga ƙota har cikin tafi. In wuri ɗaya kawai yake lanƙwashewa, wurin ya yi siriri, sai ka rage maƙwabtansa kaɗan don su raba nauyin. Na biyu, ka ɗora shi a kan yatsa: ya daidaita a wuya ko ɗan sama da shi. In tafi ya rinjaya, akwai sauran itace a cikinsa. Filafilin da aka gama yakan auna giram 650 zuwa 900, gwargwadon itacen.

Gogewa da mai

Ka kankare shi duka, sannan sanfefa lamba 80, 120, 180, kana bin jijiya. Ka shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma ka bar shi ya bushe. Za ka ji ya yi kaushi, gashin itacen ne ya tashi. Ka kwantar da shi da lamba 220. In ba ka yi haka yanzu ba, ranar farko a ruwa zai tashi a hannunka.

Man da yake bushewa ake shafawa, wato dafaffen man linsid ko man tung. Man da ba ya bushewa yana yin danƙo ya kama ƙura, baƙin man inji kuwa yana ɓata ruwa ya ci fatar hannu. Shafin farko ka sirka man da tafentain, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, rabi da rabi don ya shiga ciki, ka tsoma bakin tafin a cikinsa na minti 15 tunda ta nan itace ya fi shan ruwa. Bayan minti 20 zuwa 30 ka goge duk abin da bai shige ba, ƙarƙaf. Wanda aka bari a sama ba ya bushewa da kyau, sai ya yi yauƙi. Ka ba shi kwana guda, ka sake, har sau biyar ko shida, sannan ya huta mako guda. Mai son banish ya tsaya a tafi, kai da inda hannun ƙasa yake riƙewa a bar su da mai, don banish yana kama jiƙaƙƙiyar fata ya tayar da bororo.

Tsumman man linsid yana iya kama wuta da kansa in aka dunƙule shi aka jefar, saboda man yana fitar da zafi yayin da yake bushewa. Ka shanya shi a buɗe a waje, ko ka nutsa shi a bokitin ruwa.

Abin da ruwa zai gaya maka

Ka gwada shi a ruwa mai kwanciya, da rigar kariya daga nutsewa a jikinka. Ka nutsa tafin duka har wuya ka ja da ƙarfi. In yana karkarwa hagu da dama, fuskar ta cika shimfiɗewa ko tudun tsakiya bai zauna a kan layi ba, ka ƙara fito da gangaren ɓangarorin biyu. In kullum gefe ɗaya yake zillewa, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ka yanka ruwan da gefen tafin kamar wuƙa: in yana gurnani yana jan kumfa, gefen ya yi kauri ko yana da kusurwa, ka rage shi zuwa milimita 5 ka zagaye. In hannunka na sama yana haura goshi alhali tafi ya nutse, ƙota ta yi tsawo. Kada ka ji nauyin mayar da shi benci, mai ba ya hana gyara, wurin da ka kankare kawai za ka sake shafawa.

Ajiyarsa a rataye, ta kai, a inuwa. Jingina shi a bango wata da watanni yana lanƙwasa ƙota, barinsa a rana a cikin jirgi kuma yana busar da fuska ɗaya ta kwamɓare. Ba a tokare ƙasa da tafi don tura jirgi, wannan aikin gora ne. In baki ya fara tsagewa, ka huda ƙaramin rami na milimita 2 daidai inda tsagar ta tsaya don kada ta ci gaba, ka bar itacen ya bushe sarai, ka cusa gam mai jure ruwa irin ifoksi a cikin tsagar da ramin, ka matse na kwana guda, ka goge ka shafa mai. Tsagar da ta fito a wuya ko a ƙota kuwa ba a yi mata gam a koma ruwa da ita. Ka ajiye wannan filafilin ya zama abin zana siffar na gaba, ka je neman katako.